"Yaron nan ɗan Turai ne"

Ranar da aka kawo mutane daga Aljeriya ba sai an gaya maka ba a Assamaka. Kana cikin aji za ka ji rurin manyan motoci, ka hango ƙura ta turnuƙe ta wajen arewa, yara su fara miƙa wuya ta taga. Ga wanda bai san garinmu ba, shi ne zango na ƙarshe a ƙasar Nijar kafin ka taka Aljeriya, tafiyar wajen kilomita 200 daga Arlit cikin rairayi. Waɗanda ake korowa kashi biyu ne. 'Yan Nijar akan kawo su cikin motoci har cikin gari. Baƙi kuwa, 'yan Gine da Mali da sauran ƙasashe, sai a zube su a wani fili da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 da ƙafafunsu.

Wata safiya a cikin 2023, lokacin hutun ƙarfe goma, na fita in karɓo saƙo wurin wani mai shago. Ina ratsawa ta gefen mutanen da aka sauke, suna zazzaune a ƙasa, sai na ji an ce, "Mushe!" A nan kowa Mushe yake ce mini, don haka na ɗaga hannu kawai na wuce. Aka sake kira, wannan karon da laƙabin da yaran Akokan kaɗai suka san ni da shi. Na juya. Wani saurayi ne dogo, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya ja, ƙafa ɗaya shuɗi. Sai da ya yi murmushi na ga wushiryarsa sannan na gane shi.

Ba zan kama sunansa ba, don iyayensa suna nan da ransu. Bari in ce masa Dogo.

Kafin a turo ni nan na yi shekara tara ina koyarwa a Akokan, garin ma'aikatan haƙar yuraniyom da ke jikin Arlit. Duk wanda ya zauna can ya san ƙwallo ba abin wasa ba ce. Yankin da ya fitar da Urana da Akokana har suka buga gasar ƙasa, ba yaron da ba ya mafarkin sa rigar ɗayansu. Ni ne mai kula da ƙungiyar lakwal ɗinmu, ba don na iya ba, sai don ranar da aka raba aiki ni ne ƙarami a cikin malamai, kuma ina da usur nawa na kaina. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasin motsa jiki, da yadda ake jera yara a fili kada su ji wa juna ciwo. Ba wanda ya koya mana yadda ake duban yaro a ce wannan zai kai, wancan ba zai kai ba. Amma hakan bai hana ni faɗa ba.

Dogo yana shekara goma sha biyu ya riga ya ɗara kowa a aji da kai guda. Wasansa ɗaya ne: ya tura ƙwallo gaba, ya bi ta da gudu, ya bar 'yan baya suna haki, ya ɗirka. In an tashi wasa ci biyar, huɗu nasa ne. Akwai kuma wani ɗan tsakiya, ƙanƙane, mai ƙafafu kamar sillen kara, bari in ce masa Gajere. Shi ba ya gudu sai dole. Abin da na fi tunawa da shi, kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum waige yake kamar wanda ya ci bashi. Ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafarsa, da ta zo ya sallame ta. Sau nawa na daka masa tsawa, na ce ya riƙe ta mana ya yi yanka, ko tsoronta yake ji? Da aka aiko a ce kowace makaranta ta ba da sunan yaro ɗaya don tawagar matasan gari, ban yi shawara da kowa ba. Na rubuta Dogo.

Bayan shekara biyu, yaran sun shiga kwaleji amma suna zuwa wurina a ƙungiyar unguwa, sai wata rana mahaifin Dogo ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar lakwal, da kayan aiki a jikinsa, ya kashe inji. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, tambaya gare ni, tsakaninka da Allah. Abin nan da yaron nan yake yi, ya iya ne, ko ɓata lokaci ne? Uwarsa ta dame ni, wai ba ya buɗe littafi."

Na yi dariya na ce, "Haba Malam! Ai yaron nan ɗan Turai ne. Ka sa ido kawai."

Wallahi na faɗe ta kamar yadda ake cewa a gaida gida. Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla, tun da kai ka faɗa." Ya tayar da babur.

A ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar Cominak. Mahaifin Dogo yana cikin waɗanda suka samu kuɗin sallama. Ba a yi wata shida ba wani mutum ya sauka a gari da kayan 'yan wasa a jikinsa, da agogon awon gudu a wuya, da waya cike da hotunansa tare da mutanen da ya ce manyan ƙwallo ne. Ya tara samari a fili, ya auna tsayinsu da igiya, ya sa su gudu yana danna agogo, ya sa su buga ƙwallo a raga. Ya zaɓi uku. Ya ce akwai ƙungiya a arewacin Aljeriya da ke jiransu, daga can sai Faransa, amma akwai kuɗin takardu da na hanya. Uban Dogo ya ƙirga masa miliyan ɗaya da jaka ɗari biyu na sefa. Yaro ya ajiye karatu saura shekara guda ya yi jarrabawar BEPC. Labari ya iso ni tun kafin su tashi, kuma gidansu ba shi da nisa da nawa. Ban je ba. In zan faɗi gaskiya, har wani daɗi na ji a raina, cewa ga wani daga waje ya ga abin da na gani.

Sauran labarin a bakin Dogo na ji shi, muna zaune a inuwar katangar makaranta yana shan ruwa a hankali. Mutumin ya ɓace musu a Tamanraset, ya ce zai je ya karɓo takarda, ke nan. Ɗaya daga cikinsu ya juyo gida. Shi kunya ta hana shi. Ya yi leburanci, ya tara kuɗin mota, ya gangara har Oran a bakin teku. Can ya yi ta zarya a wani filin unguwa har mai horar da wata ƙaramar ƙungiya ya tausaya masa, ya sa shi cikin wasan gwaji rabin lokaci.

Na ce, "To, yaya aka yi?"

Ya ce, "Mushe, can kowa gudu gare shi kamar ni. In na tura ta gaba, kafin in ɗaga ƙafa wani ya riga ni. In aka ba ni, kafin in juya mutum biyu sun rufe ni. Ban taɓa ƙwallo sau uku a jere ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san wanda na yi ta tunawa? Gajere. Irin wasansa suke yi."

Daga nan ya koma ɗaukar bulo a wurin gini, har ranar da aka yi samame.

Na daɗe ina jujjuya wannan magana. Wata rana na ba wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Yamai labarin ta waya, sai ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp mai fassarar Faransanci a ƙasa, ya ce in kalla in ga ba ni kaɗai ba ne. Daga wannan bidiyo na shiga bincike, duk daren da intanet ya yarda, a kan wani wasa da ban taɓa gani da idona ba: ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, mai kama da zari-ruga.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke zaɓen 'yan wasa. A can samari sukan buga wa jami'o'insu, kuma ba ƙaramin wasa ba ne, don filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin fiye da mutum dubu 100. Kowace shekara a watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙwararru, wato NFL, sukan zauna su yi rabon waɗannan samari bi da bi, zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓe. Duka-duka mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka, kuma a cikin masu buga wa jami'o'i, waɗanda ke samun shiga ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Cikin mutum goma sha ɗaya da ke fili akwai ɗaya da ake kira kwatabak. Shi ne madugu. Kusan kowane hari ta hannunsa yake farawa: a miƙo masa ƙwallo, ya ja baya, ya duba inda abokansa suka watsu, ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti, wasu sun haura kilo 130, suna rugowa su danne shi. Yawanci bai fi daƙiƙa uku gare shi ba. Ƙungiyar da ta dace da madugu nagari ta huta shekara goma. Wadda ta yi kuskure, mai horarwa da wanda ya yi zaɓen duk sai sun rasa aikinsu.

Saboda haka ba abin da ba sa aunawa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan duk shekara, bin jami'o'i suna kallon wasa suna rubutu. Kafin ranar zaɓe akan tara samari fiye da 300 a birnin Indianapolis, a auna tsayi da nauyi, a sa su gudun yadi 40, wato mita 36 da ɗoriya, likitoci su duba kowace gaɓa, a shigar da su ɗaki a yi musu tambayoyi. Har faɗin tafin hannu ake aunawa, a yi ta gardama a jaridu a kan rabin inci. Shekaru da dama ma akwai wata jarrabawar ƙwaƙwalwa, tambaya 50 cikin minti 12. Mutumin da ya zo Akokan da igiya da agogo, ashe kwaikwayon wani abu yake wanda yake da asali.

To, duk da wannan, ga abin da ya faru. A shekarar 2000 akwai wani saurayi daga Michigan mai suna Tom Brady. Hotonsa na ranar awo shi ne farkon bidiyon da aka turo mini: yana tsaye da gajeren wando, kafaɗu a zube, ba ƙirji ba damtse, ka ce akawu ne aka tuɓe. Gudun yadi 40 ya yi shi cikin daƙiƙa 5.28, abin da ake ɗauka nawa ne ƙwarai a wurinsu. Aka ɗauki mutum 198 kafin shi, shida daga ciki masu irin matsayinsa. Shi ne na 199. Wannan mutum ya yi shekara 23 yana wasa, ya ci babban kofinsu, Super Bowl, sau bakwai, bai ajiye ba sai yana da shekara 45. A 2022 ma an sake yi: Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe ƙurmus, amma a watan Fabrairun 2024 shi ya jagoranci San Francisco zuwa wasan ƙarshe.

Mutane sun fi son irin wannan labari, na wanda aka raina ya zama gwani. Ni kuwa wanda ya fi tsaya mini a rai na 1998 ne. A shekarar akwai samari biyu da masana suka rabu a kansu, Peyton Manning da Ryan Leaf. Da yawa suna cewa Leaf ya fi ƙarfin jifa, ya fi jiki. Indianapolis ta ɗauki Manning na ɗaya, San Diego ta ɗauki Leaf na biyu, ta ba shi fiye da dalar Amurka miliyan 11 na sa hannu kawai. Abin lura, shekarar farko duka biyun sun sha wuya. Sau 28 Manning yana jefa ƙwallo ta faɗa hannun abokan hamayya, ƙungiyarsa ta ci wasa 3, aka cinye ta 13. Da a ce a nan aka yanke hukunci, da an ce an yi asara. Shekara ta biyu lissafin ya juye, suka ci 13, aka cinye su 3, kuma daga baya ya ɗauki Super Bowl sau biyu. Leaf kuwa da abubuwa suka cije bai farfaɗo ba, a 2002 ya bar wasan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ga dukkan alamu ba a ƙera agogon da ke auna wannan ba tukuna.

Da na karanta dalilin da masu sharhinsu ke bayarwa, sai na ji kamar Dogo ne ke magana a inuwar katanga. A jami'a 'yan baya ba su kai na ƙwararru sauri ba. Abokinka yakan kuɓuce ya tsaya shi kaɗai, kana ganinsa sarai, ka jefa masa. A wurin ƙwararru ba mai kuɓucewa. Sai ka jefa tun kafin ya juyo, zuwa inda zai kasance, ta wata 'yar kafa da za ta rufe kafin ƙiftawar ido. Saurayin da ya saba cin wasa da ƙarfin dantse bai taɓa buƙatar koyon wannan ba, don haka ba wanda ya san ko zai iya, har shi kansa. Abin da ka gani a jami'a gaskiya ne, sai dai amsar wata tambaya ce daban.

Haka na yi da Dogo. Ban yi ƙarya ba da na ce ya fi kowa. Amma wane ne kowa? Yaran unguwa ɗaya, waɗanda ya riga su tsawo da shekara biyu. Tsawon ma su ma yana nan zuwa musu. Duk shekarun da na yi da shi ban taɓa sa shi a inda gudunsa ba zai fisshe shi ba. Ban taɓa ce masa yau taɓawa biyu kawai za ka yi ba, ban taɓa haɗa shi da manya ba, don ina son mu ci wasa, shi kuwa yana ci mana. Gajere, da ba shi da gudu ba shi da jiki, dole ta sa ya koyi duba fili tun kafin ƙwallo ta iso shi. Waigen da nake yi wa tsawa shi ne abu mafi tsada a filin nan. Ba na cewa da na zaɓe shi da yanzu yana Turai, wannan ma zai zama irin waccan maganar ce. Ya samu BEPC ɗinsa, yana koyon aikin wutar lantarki, ranar Lahadi shi ke riƙe tsakiya a ƙungiyar unguwarsu.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A 2007 Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, Macauley Chrisantus ya fi kowa ci da ƙwallo bakwai, aka ɗauke shi zuwa Hamburg. Wanda aka ba gwarzon gasar ɗan tsakiya ne daga Jamus, Toni Kroos. Yau tambayi yaro a fada wanne ya sani a cikinsu. N'Golo Kanté kuwa, ɗan Mali ta wajen iyaye, manyan makarantun ƙwallo na Faransa sun ƙi shi yana yaro, ya zauna a ƙaramar ƙungiyar Suresnes har ya kusa shekara ashirin, ga shi ya ɗauki kofin Ingila da Leicester a 2016, ya ɗauki na duniya a 2018. Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, wata Larabar ruɗi ce.

Amma akwai wani bambanci tsakaninmu da Amurkawan nan, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. A can, in an yi kuskure, mai saye ne ke asara. Ƙungiya ce ta biya masu kallo, ta biya likitoci, ta biya yaron. Dokarsu ma ba ta yarda a zaɓi saurayi ba sai ya yi shekara uku da gama sakandare, kuma waɗannan shekaru a jami'a yake yin su. Wanda ba a ɗauka ba ya koma gida da ƙafafunsa. A wurinmu abin a juye yake. Mai awon ne ke karɓar kuɗi, uba ne ke biya, yaro kuma shi ke ajiye karatu. Mutumin da za a biya shi in ya ce "ya iya", me zai sa ya ce "bai iya ba"? Iyaye, wannan kaɗai ya isa ma'auni: duk wanda ya ce ɗanka gwani ne sannan ya miƙo hannu, ba ɗanka ya gani ba, aljihunka ya gani. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Kuma dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan. Dogo bai kai ba lokacin da ya tafi. Na san da dokar, ban faɗa wa kowa ba.

Waɗanda suka fita da gaske, dubi hanyar da suka bi. Moussa Maazou ya buga wa AS FAN a Yamai, a gaban jama'a, da manyan 'yan baya, kafin Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008, daga can ya wuce CSKA ta Mosko. Ahmed Musa sai da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars kafin ya tafi Holan a 2010. An gan su ranar da suke da lafiya da ranar da ba su da ita, a gida da waje, ana ci ana cinye su. Ko a kokowa, goman da kowace jiha ke kaiwa gasar takobi ba da igiyar awo ake tace su ba, a fage ake tace su. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma 'yan kallon kokowa sun sha ganin mai ƙiba a ƙasa.

Malamai 'yan uwana, kada wani ya ce shi ba ruwansa da ƙwallo. A cikin aji ma abin da muke yi ke nan. Yaron da ya riga kowa ɗaga hannu, mai saurin hadda, mu ce wa ubansa wannan likita ne. Wanda ke jinkiri yana juya tambaya a kansa, mu ce a nema masa sana'a. Mu a wurinmu hira ce ta bakin ƙofa. A wurin uban da bai yi lakwal ba kuwa hukunci ne daga wanda ya sani, kuma a kansa zai sayar da akuya, ko ya cire yaro daga aji.

Dogo ya kwana biyu a nan kafin a wuce da su Arlit. Na ba shi takalmina da kuɗin da ke aljihuna. Ya roƙe ni kada in kira babansa, ya ce shi zai shiga da kansa. Da hutu ya zo na je Akokan, na tarar da uban a ƙofar gida yana gyaran wata tsohuwar fanka. Na shirya maganganu da yawa a hanya. Da na fara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari, Mushe. Rabo ne, kuma yaro ya dawo da ransa, wasu ba su dawo ba." Ya ci gaba da murɗa ƙusa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni dai ban san ƙwallo ba. Shi ya sa na tambaye ka."

Na fi son a ce zagina ya yi.

Bana akwai wani yaro a ajina, ɗan shekara goma sha uku, da ya fi kowa a filinmu na rairayi. Kwanan baya ubansa, direban babbar mota, ya tare ni bayan sallar La'asar da irin waccan tambayar. Na ce masa, "Alhaji, abin da na gani zan faɗa maka. Ya fi yaran makarantar nan gudu, kuma ƙafarsa ta hagu tana da kyau. Ban taɓa ganinsa da waɗanda suka fi shi ba. In aka ci su yakan daina magana da kowa. Lissafinsa kuma ya ja baya tun bayan hutu." Ya ɓata rai ya ce, "Mushe, ai ba ka ce komai ba." Na ce ya bari ranar Alhamis ya zo fili.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, samarin da aka koro waɗanda ke jiran a mayar da su ƙasashensu sukan fito su buga ƙwallo a bayan gari. Akwai 'yan Gine da 'yan Kodebuwa a cikinsu da suka iya ƙwarai, wasunsu ma irin tafiyar Dogo ce ta fito da su. Na roƙe su su sa yaron a tsakiya, su bi shi a hankali a jiki amma kada su raga masa a ƙwallo. Sau uku ana ba shi, sau uku ana ƙwacewa kafin ya daidaita ƙafa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, na ga leɓensa na rawa, na ce yanzu zai fita. Uban yana gefena yana tsaki. A karo na huɗu, ƙwallo tana kan hanya ba ta iso ba, sai na ga ya waiga ta kafaɗar hagu. An sake ƙwacewa, amma sai da ya taɓa ta sau biyu.

Na ciro ɗan littafina na rubuta kwanan wata da abin da na gani. Uban ya leƙo ya ce me na rubuta. Na ce ya kawo shi Alhamis mai zuwa.